Kyamarorin tsaro masu aiki da rezo: tambayoyin da aka fi yi mana a Yamai

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shaguna, magidanta da masu siton kaya ke maimaita mana a nan Yamai, tun daga Babbar Kasuwa da Katako har Yantala da ƙetaren kogi a Harobanda. Mun fi ba da misali da Hikvision da Dahua don su ne suka cika kasuwa. In taka ta wani kamfani ce, sunayen da ke cikin menu za su ɗan bambanta, amma aikin ɗaya ne.

DVR da NVR, me ya raba su, kuma wanne zan saya?

Dukansu akwati ne da ake sa faifan ajiya a ciki, aikinsa naɗar hoton da kyamarori ke aiko masa. Hanyar da hoton ke bi ce ta bambanta. DVR yana aiki da kyamarar analog, kowacce da kebul ɗinta mai zagayayyen kai irin na eriyar talabijin, ga kuma wayar wuta daban mai volt 12. NVR kuwa da kyamarar IP yake aiki, wadda ita kanta ƙaramar kwamfuta ce: tana da adireshinta a rezo, tana da kalmar sirrinta, ita ke matse hoton kafin ta turo shi ta kebul ɗin intanet, Cat5e ko Cat6. In NVR ɗin mai PoE ne, kebul guda ke kai wa kyamara wuta, ya kuma dawo da hoto.

Wanda ya tarar da tsohon kebul na analog a bango kuma lafiyarsa lau, ba sai ya fasa gini ba. DVR na yanzu suna ba da hoto mai kyau, sun kuma fi sauƙin kuɗi. Sabon gini ko sabon shago kuwa, NVR nake ba da shawara. Sai dai ka sayi mai tashoshi, wato guraben kyamara, fiye da buƙatarka ta yau. Mai cewa kyamara 4 ta ishe shi, kafin shekara ta zagayo za ka ji yana neman ta biyar saboda ƙofar baya ko garejin mota.

Kyamara nawa zan sa, kuma a ina?

Kafin ƙidaya, ka fara sanin abin da kake so: ka ga an shigo, ko ka gane wanda ya shigo? Ba abu ɗaya ba ne. Akwai ma'aunin da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi, IEC 62676-4 bugun 2014. A cikinsa, don a lura akwai mutum a wuri, ɗigon hoto 25 a kowace mita ya isa. Don ka shaida wanda ka riga ka sani, 125. Don a tantance fuskar baƙo, sai 250. Kyamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Raba da 250, ka ga bai kai mita 8 ba. Ke nan in faɗin wurin da take kallo ya wuce haka, fuska ta fara narkewa. Shi ya sa kyamara guda da aka ɗora can ƙololuwar bene tana hangen titi gaba ɗaya ba ta kama kowa. Ranar da aka yi ɓarna sai ka ga wata inuwa da hula ta wuce, shi ke nan.

Ƙofar shiga ita ce ta farko, a ba ta kyamararta ita kaɗai. Tsayin mita 2.5 zuwa 3 ya fi dacewa: hannu ba ya kaiwa da sauƙi, kuma ba tsakar kan mutane za ta yi ta ɗauka ba. Daga nan sai teburin kuɗi, sai ƙofar sito. Idon kyamara mai milimita 2.8 yana ɗebo wuri mai faɗi amma kowa ƙarami ne a ciki. Mai milimita 4 ko 6 ya fi matso da mutum, shi ya dace da lungu ko ƙofa.

Kyamarar cikin shago da ke fuskantar ƙofa tana da nata larurar. Hasken ranar Yamai a bayan mai shigowa yakan maida shi baƙi ƙirin. Ka kunna WDR, mai daidaita haske da duhu, a saitin hoto, in kuma da hali ka sauya mata kusurwa.

Kebul kebul ne, ko akwai wanda ya fi wani?

Nan ne aka fi cutar mutane, kuma nan ne mutane suka fi cutar kansu. Akwai kebul na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda a kwalinsa wani lokaci za ka ga an rubuta CCA. A ido duk ɗaya ne. Ka fere sili guda ka kankare shi da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Yana iya ɗaukar intanet na ɗan gajeren zango, amma wutar PoE tana raguwa a cikinsa, kuma yana saurin karyewa a bakin kai. Araha ba ta ado.

Iyakar kebul ɗin rezo mita 100 ce. In nisan ya wuce haka, a sa suwici, akwatin da ke haɗa kebul ɗin rezo da juna, a tsakiya. Wasu suwici suna da maɓallin da ke miƙa zangon har mita 250, amma gudun yana sauka zuwa megabit 10, wanda yake isar kyamara guda.

Wajen ɗaure kai, jerin launin da aka fi bi shi ne T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kan biyu su zama iri ɗaya. Kowace kyamarar waje tana zuwa da wata hular roba da ake murɗawa a mahaɗar kebul, wadda masu gaggawa ke jefarwa tare da kwali. Wannan hular ce ke hana ruwan damina shiga. In ka buɗe mahaɗar kyamarar da ta mutu a watan Agusta ka ga haƙoran kan sun yi kore, ka san labarin. Kebul ɗin da zai bi waje a zura shi cikin bututu, don rana tana busar da robarsa ta farfashe, ɓera kuma na son ta. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar kuran.

Na jona kyamara amma allo baƙi ne. Daga ina zan fara?

Daga wuta, ba daga menu ba. Duba bayan NVR ko suwici, ramin da ka jona kebul ɗin yana da ƴar fitila. In ba ta kama ba, matsalar ta kebul ce ko ta wuta. Je wurin kyamarar ka rufe fuskarta da tafin hannu. Mai rai za ta yi ƴar ƙara ƙas, alamar ta juya zuwa yanayin dare, kuma za ka ga ja-ja a fitilunta.

Gwajin da ya fi raba gardama: sauko da kyamarar, ka jona ta kusa da NVR da guntun kebul na mita 1 wanda ka san yana aiki. In hoto ya fito, laifin dogon kebul ne ko kansa, ba na kyamara ba. Mutane na ƙyuyar hawa tsani, sai su ɓata yini suna latse-latse a menu.

In fitila na kamawa amma babu hoto, abu uku ake dubawa. Na ɗaya, sabuwar kyamara ba ta aiki sai an raya ta, wato an sa mata kalmar sirri karon farko. In ta kamfani ɗaya ce da NVR kuma a ramin PoE ɗinsa aka jona ta, shi da kansa yake yi mata hakan. In kuwa an taɓa amfani da ita a wani wuri, tana nan da tsohuwar kalmarta, NVR zai yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe masa ba. Ka daina gwada kalmomi barkatai, don bayan kuskure kaɗan tana kulle kanta, sau da yawa na minti 30.

Na biyu, adireshi. Kyamarar Hikvision tana fitowa daga masana'anta da 192.168.1.64, ta Dahua da 192.168.1.108. In rezon wurinka yana kan 192.168.8 ko 192.168.0, kyamarar da NVR ba za su ga juna ba ko da suna kan suwici ɗaya. Da kwamfuta ake gyara wannan: manhajar SADP ga Hikvision, ConfigTool ga Dahua. Suna zaƙulo kyamarar ko a wane adireshi take, ka sauya mata.

Na uku, karo. Kyamara biyu sababbi, kowacce da 192.168.1.64, an jona su lokaci guda. Alamarsa hoto ya zo ya tafi, ko tasha ta 2 ta riƙa nuna hoton ta 3. A jona su ɗaya bayan ɗaya, kowacce a ba ta lambarta, a rubuta a takarda a manna jikin akwatin.

Wani abu da ke rikita sababbin ma'aikata: ramukan PoE na bayan NVR rezo ne na cikin gida, daban da na rauta. A Hikvision yana kan 192.168.254, a Dahua 10.1.1. Don haka kwamfutar da ke kan wifi ba za ta ga kyamarorin da ke jone a can ba, kuma ba lalacewa ba ce.

Kyamarata ta wani kamfani ce, NVR na wani. Za su yi aiki tare?

Galibi suna yi, ta hanyar ONVIF, ƙa'idar da Axis, Bosch da Sony suka kafa a 2008. A kyamarorin Hikvision na yanzu a kashe take zuwa, sai ka shiga ka kunna ta, ka buɗe mata mai amfani na musamman da kalmar sirrinsa. Hoto da naɗa za su yi, amma dabarun gane mutum da mota ba kullum suke ƙetarawa ba.

Faifai mai girman nawa zai riƙe mini wata guda?

Lissafin ba shi da wuya. Megabit 1 a daƙiƙa, in ana naɗa dare da rana, yana cin GB 10.8 a yini. Kyamarar da aka saita kan megabit 4 tana cin kimanin GB 43. Guda 4 ke nan GB 173. Faifai mai TB 2 zai ba ka kwana 11 da ɗan ɗori. In kyamarori da NVR duk sun san H.265, salon matse hoto mai rage girmansa, ka juya su zuwa gare shi, ka sauke kowacce zuwa megabit 2. Hoton bai canja sosai ba, kwanakin sun koma wajen 23. Wata cikakke yana son TB 3 ko 4.

Ba lalle sai hoto 25 a daƙiƙa ba. A shago 12 zuwa 15 sun wadatar.

Faifan kuma a sayi wanda aka yi don wannan aikin, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, don an ƙera su su yi ta rubutu ba hutu. Tsohon faifan da aka ciro daga kwamfutar ofis yana iya kamawa, amma ba ya daɗewa.

Ina ganin hoto tangaran a talabijin, amma da na nemi na daren jiya ba komai. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, don ba a yin ta sai bayan an yi asara. Ganin hoto kai tsaye daban, naɗa daban. NVR yana iya shekara yana nuna maka ƙofarka ba tare da ya ajiye ko minti ɗaya ba, kamar maigadin da idonsa biyu amma da safe bai tuna komai.

Dalilin farko zai ba ka mamaki: babu faifai a ciki sam. Yawancin NVR haka ake sayar da su, fanko, faifan daban ake saye. Ka shiga sashen ajiya a menu. In jerin ba komai, ko ba a sa ba, ko wayarsa ta zame, ko ya mutu.

In yana nan, duba matsayinsa. Sabon faifai sai an tsara shi daga cikin NVR kafin ya karɓi rubutu. Sannan jadawalin naɗa: kowace kyamara da nata, kuma ana iya cika wa ta 1 a manta da sauran. Wani lokaci an zaɓi naɗa sai an ga motsi, amma ba a kunna gane motsin a kyamarar ba, sai ya zama ana jiran abin da ba zai zo ba. Akwai kuma zaɓin rubutawa kan tsohon hoto in faifai ya cika. In a kashe yake, ranar da faifan ya cika ranar aka daina naɗa. Na ƙarshe, agogo: hoton yana nan, amma an ajiye shi ƙarƙashin wata shekara.

A kan allo, kowace tashar da ake naɗa tana da ƴar alama a kusurwa, galibi ja. Ka san ta. Amma ni ban yarda da alama kaɗai ba. Ka ware rana guda a mako, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka buɗe hoton ƙarfe 3 na daren jiya a kowace kyamara, sannan ka ja baya ka ga ranar da ta fi tsufa da ke cikin faifan. Minti 5 ne. In da kwana 20 kake samu yanzu ya koma 6, wani abu ya canja. Kada wannan aikin ya zama na wanda ya kafa maka ko na yaron shago. Mai kayan ne ya kamata ya iya da hannunsa, kuma kada ka cika kuɗin aiki sai an nuna maka ka yi da kanka a gaban mai kafawa.

Game da naɗa kullum ko sai an ga motsi: ƙofa da teburin kuɗi a bar su suna naɗa ba tsayawa. Sauran wurare motsi ya isa, tare da saita daƙiƙa 5 na kafin motsin. A waje kuwa iska a bishiyar dogon yaro, akuya, fitilar babur, duk motsi ne, sai dai in kyamararka tana da dabarar ware mutum da mota.

In an ɗauke kuran fa?

Komai ya tsaya, kuma ɓarawo ma ya san haka. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da buƙatar wuta ta fi yawa a Yamai, wannan ba tambayar wasa ba ce. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana kuma lahanta faifai, don a tsakiyar rubutu take samunsa.

NVR mai kyamara 4 yana cin wat 40 zuwa 50 da dare. Ƙaramin ondilar na tebur, mai batir guda na volt 12 da Ah 7, da ƙyar ya kai ka awa guda. Amfaninsa ya riƙe kayan kafin a tada gurup. In kana son ya kwana, sai batir babba da inbata. Batir mai Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, amma in na dalma ne rabi ake ci don kada ya mutu da wuri, ke nan awa 10 zuwa 12. Mai sola a gida ya ɗora kyamarori kan layin da ba ya ɗaukewa. Zafi yana rage wa batirin dalma kwana ƙwarai, don haka kada a ajiye shi a ɗakin da ke tafasa, kuma a riƙa gwada shi: zare fulogi ka ga minti nawa zai yi.

Rauta da suwici su ma su hau ondilar ɗin. Ana yawan mantawa da su, sai NVR yana raye amma ba kyamara, ko yana naɗa amma salula ba ta gani. Unguwar da wuta ke zuwa da rauni ko tana hawa da sauka, a sa regilata a gaba.

Da rana lafiya lau, da magariba sai kyamara ɗaya ta ɓace. Aljanu ne?

A'a, Alhaji, yunwar wuta ce. Da duhu ya yi kyamara tana kunna fitilunta na infrared, cin wutarta ya ƙaru. In kebul ɗin dogo ne ko na alminiyam, abin da ke isa gare ta ba ya ɗaukarta, sai ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Haka in suwicin ya kai iyakarsa. PoE na 802.3af yana ba da har wat 15.4 a rami guda, na 802.3at har wat 30, amma kowane suwici yana da jimlar da ba ya wucewa, a rubuce take a jikinsa. Kyamara mai juyawa ta fi son na biyun. Ka musanya ramin da na wata kyamarar: in matsalar ta bi kebul, ka san inda take.

Hoton dare ya yi fari kamar hazo, ba a ganin komai.

Haskenta ne ke dawo mata. Ko bango ko rufin kwano ya yi kusa da idonta, ko ƙura ta kwanta kan gilashi. Masu ƙoƙon gilashi sun fi fama da wannan, shi ya sa a waje na fi son doguwa ko mai buɗaɗɗen ido. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, goge gilashi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya zama aikin kowane mako biyu. Busasshen tsumma kan yashi karce gilashin yake yi. Farin zare da ke kaɗawa a hoto kuwa yanar gizo-gizo ce: haske na jawo ƙwari, ƙwari na jawo shi. Fitila guda ta tsaro nesa kaɗan da kyamarar tana janye ƙwarin, ta kuma gyara hoton.

In hoto yana rawa ko layuka na bi ta kansa ƙarƙashin fitilar cikin shago, saita kyamarar kan Hz 50, irin kuran ɗinmu.

Ina ya kamata a ajiye NVR ɗin?

Inda ido ba ya gani amma iska na shiga. Abu biyun suna karo, shi ya sa ake kuskure. An ɗora shi ƙarƙashin talabijin a tsakiyar shago, ɓarawo ya naɗe shi ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Ko an cusa shi cikin silin ƙarƙashin kwano, a garin da zafin inuwa ke wuce digiri 40 a Afrilu, faifai ya dahu. Akwatin ƙarfe mai makulli da ramukan iska, a ɗakin ciki, shi ne daidai. A ja kebul ɗin HDMI zuwa inda talabijin take. Kyamarar ƙofa kuma, in tana da ramin katin ajiya, a sa mata, ko an ɗauke NVR wani abu ya rage. Sau biyu a shekara a kashe shi a hure ƙurar fankarsa.

Sai da intanet yake aiki?

A'a. Naɗa ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Kallo a salula daga nesa da saƙon gargaɗi ne ke buƙata.

Yaya zan gani a salula, kuma me ya sa take ce mini na'urar ba ta kan layi?

Ka ja kebul daga rauta zuwa ramin LAN na NVR, wanda yake shi kaɗai a gefe, ba ramukan kyamara ba. A saitin rezo ka kunna DHCP, don rauta ta ba shi adireshi da kanta. Sai ka kunna hidimar kamfanin, Hik-Connect ko P2P na Dahua, ka jira ta nuna ta hau layi. Sauke manhajar a salula, Hik-Connect ko DMSS, ka buɗe asusu da lambarka ko imel ɗinka, ka ɗauki hoton lambar QR.

In ta ƙi hawa, fara da abin da ya fi sauƙi: kuɗin intanet bai ƙare ba? Sai tambaya ta biyu: an canja rauta? Wanda ya tashi daga wata rauta zuwa ta 4G ta Huawei, wadda ke kan 192.168.8.1, alhali an kafe wa NVR adireshin 192.168.1, yana nan yana neman tsohuwar ƙofa. Kunna DHCP yana warware shi. In bai yi ba, sa 8.8.8.8 a gurbin DNS, ka kuma duba agogo, don kwanan wata na ƙarya yana hana shi gaisawa da sabar kamfanin.

Masu bin tsohuwar hanya ta buɗe tashoshi a rauta, wato ƙofofin shigowa daga waje, 8000 ga Hikvision, 37777 ga Dahua, 554 ga RTSP, su sani a layin salula galibi ba ta aiki. Kamfanonin waya suna raba adireshi guda ga mutane da yawa, abin da ake kira CGNAT, kuma ƙaramin tsarin Starlink ma haka yake. Ko da Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, gwajin ɗaya ne: in adireshin waje da rautarka ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, daga waje ba a iso ka kai tsaye. Ni ban ma so a buɗe tashoshin ko da ana iyawa.

Batun cin kuɗi: kowace kyamara tana fitar da hoto iri biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin, kan kilobit 512, yana cin kimanin MB 230 a awa. Babban, kan megabit 4, GB 1.8 a awa, kuma daga ɓangare biyu ake cirewa, na shago da na salularka. Ɗan kasuwar da ke Tawa ko Maraɗi yana leƙen shagonsa na Yamai ya tsaya kan ƙaramin, sai in ya ga abin da ke son dubawa.

Wa ya kamata ya riƙe kalmar sirri?

Mai kayan. Asusun manhaja ma da lambar mai kayan za a buɗe, shi ya raba wa wanda yake so. Na'urar Hikvision asusu ɗaya kawai take ɗaurewa da shi. In mai kafawa ya ɗaure ta da nasa, ya bar gari ko kuka saɓa, sai an sha wahalar kwance ta, kuma kafin nan yana ganin cikin gidanka. Yaran shago a buɗe musu mai amfani na kallo kawai, ba gogewa ba sauya saiti. Ranar kafawa a cika imel da tambayoyin maido da kalmar sirri, don in an manta ba tare da su ba, sai an bi ta wakilin kamfani.

Kalmar kada ta zama 12345 ko lambar wayarka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kyamarori da akwatunan naɗa masu kalmar sirrin masana'anta, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. A 2021 kuma an gano wata ɓaraka babba a kyamarorin Hikvision da yawa, kamfanin ya fitar da gyara. Sabunta manhajar cikin na'ura yana da amfani, amma daga shafin kamfanin, daidai da lambar samfurinka, kuma a kan ondilar. Wuta ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa, na'urar na iya ƙin tashi.

Kwanan wata yana komawa 1970 ko 2000.

Ƴar batirin agogo da ke kan allon cikin NVR ta mutu, mai kama da kwabo, galibi CR2032 ko CR1220. A canja ta. A saita yankin lokaci kan GMT+1, a kashe canjin lokacin bazara don ba ma yin sa a Nijar, in akwai intanet a kunna NTP, mai daidaita agogo da kansa.

Yana ta kuka tit-tit ba ya dainawa.

Ƙorafi yake yi: faifai ya samu matsala ko babu shi, kebul ɗin rezo ya fita, ko adireshinsa ya yi karo da na wani. Littafin abubuwan da suka faru, a cikin menu, zai faɗa maka wanne ne. Ana iya kashe kukan, kuma da yawa haka suke yi su huta, alhali faifan ne ke sanar da mutuwarsa.

Bayan ruwan sama da tsawa kyamarori 3 sun mutu lokaci guda.

Ba sai aradu ta faɗo kan gidanka ba. Ta faɗi kusa, dogon kebul na waje ya kwaso ƙarfinta ya kai wa suwici. Daga Yuni zuwa Satumba muna ganin wannan. Kariyar ita ce a sa na'urar tare tsawa a kebul ɗin da ke fita waje, a haɗa ta da NVR da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Ba tare da wannan ƙarfen ba, na'urar ado ce. Kada a rataya kebul a sama daga gini zuwa gini. In dole ne a haɗa gini biyu, fiba, kebul mai aiki da haske, ta fi, don ba ta ɗaukar wuta. Kafin ka zubar da kyamarorin ka gwada su a wani suwici, sau da yawa ramukan ne suka ƙone.

Maƙwabcina ya ce kyamarata tana leƙa gidansa.

Ka kira shi ka nuna masa allon. In da gaske tsakar gidansa tana fitowa, yana da gaskiya, nan iyalinsa ke aikinsu ba lulluɓi. A sunkuyar da kyamarar, ko a yi amfani da saitin da ke rufe wani sashe na hoto da baƙin tambari. Ɗakin kwana, makewayi da wurin gwada tufafi ba wurin kyamara ba ne. Ka kuma sani wasu suna da makirfo a ciki. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kamfani, makaranta ko asibitin da zai ɗauki hoton ma'aikata da jama'a ya tuntuɓe ta, ya kuma kafa allon sanarwa a ƙofa.

An yi mini sata. Yaya zan fitar da hoton in kai komisariya?

A ranar za ka fitar, don faifan yana ci gaba da rubutawa kan tsohon hoto. Sa filash a ramin USB, ka shiga sashen fitarwa, ka zaɓi kyamara da lokaci. Ka ɗauko da faɗi, awa guda kafin abin da awa guda bayansa, daga duk kyamarorin, har wadda kake ganin ba ta kama komai ba, don mai leƙen wuri yakan zo tun da rana. In NVR ya ba ka zaɓin haɗawa da manhajar kunnawa, ka haɗa. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce GB 4, sai a yanka gida-gida. Ka kulle waɗannan fayilolin a cikin NVR don kada a rubuta kansu, ka yi kwafi biyu, ka gwada ɗaya a kwamfuta kafin ka fita.

Ka kwatanta agogon NVR da na salularka, ka rubuta bambancin ko na minti 4 ne, ka faɗa wa jami'in da ya karɓi ƙarar. Ɗaukar allon talabijin da salula ba ya maye gurbin fayil na asali. Kada ka watsa shi a zaurukan unguwa kafin hukuma ta gani, don ana iya kama mai kama. In dole ka tura wa jami'i ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, ba bidiyo ba, don in ba haka ba manhajar tana matse shi fuskar ta dushe.